Razak Ya Cire 'Yan Kunnensa

Ku da kuka yi wata huɗu kuna turo min saƙo, "Mudassira, ina Ayyub da Taslima?", yau zan ba ku amsa. Na ce muku wayata ce ta lalace. Ƙarya na yi, Allah ya yafe min. Ku gyara zama, don zancen da ɗan tsawo, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Ga waɗanda aka saka a guruf ɗin nan kwanan nan: sunana Mudassira, shekarata ashirin da huɗu, ɗinki nake yi a kasuwar Yendi. A Salaga na girma, wurin kakata ta wajen uba, shi ya sa Hausata ta bambanta da ta yawancin 'yan zango. Kaka ba ta yarda a ce wa mace "ya zo" a gidanta ba. In ka faɗa, sai ka maimaita har bakinka ya gyaru.

Tun ina sakandare nake karanta littattafan Turawa na masu shan jini, irin waɗanda ake ara daga hannu zuwa hannu har bango ya fita. Kullum nakan ce, me ya sa sai a garin da ake ƙanƙara? Mu ba mu da tsofaffin rijiyoyi ne a Salaga? Sai bara na fara nawa. Ayyub, bafatake ne da ya zo da ayarin goro shekara ɗari biyu da suka wuce, wani abu ya cije shi a bakin rijiya, bai mutu ba kuma bai tsufa ba. Wurin mahauta yake samun abin da ke riƙe shi, don ya rantse ba zai taɓa ɗan Adam ba. Sai ya haɗu da Taslima, ɗaliba mai taurin kai. Sauran kun sani, har babi na goma sha huɗu.

Ba zan manta irin abin da wasunku suka faɗa wa Taslima ba. Sakarya. Marar aji. Wace irin mace ce za ta bi namiji bayan ta san abin da yake sha? Ina karantawa ina dariya a lokacin, don ko ba komai kuna karantawa.

A babi na goma sha huɗun nan ne wata, wadda har yau ban san ta ba, ta tura labarin ga Baffa Zuberu, yayan mahaifina. Tun rasuwar Baba shi ne mai magana a kanmu. Ya zo gidanmu ran wata Talata da hantsi, bai ko kashe babur ɗinsa da kyau ba. Mma, mahaifiyata, tana tankaɗe garin masara a tsakar gida.

"Ke kika rubuta wannan?"

Na ce ni ce.

"'Yar Musulmi, jikar malamai, ki zauna kina rubuta maye yana bin yarinya har bayan makaranta? Wa ya koya miki yadda namiji ke kallon wuyan mace?"

"Baffa, labari ne kawai."

"Ga mutanen Bawku sun kawo goro. In suka ga wannan, da wane ido zan dube su?"

Mma ba ta ɗago ba. Rariyar kawai take kaɗawa, garin ya ƙare tuni amma tana kaɗawa. Ya ba ni zuwa la'asar in goge komai.

Mutanen Bawku ɗin, Fatawu ke nan da danginsa. Ɗan dillalin shanu ne, yana da shagon waya, yana da fara'a, ga iya gaisuwa. A bikin wata ƙawata a Walewale muka haɗu. Ba wanda ya tilasta min shi, kar ku ce. Ni na so shi. Har yadda yake ce min "ka ci abinci?" sai in yi dariya in gyara masa, ya ce a Bawku ba su da lokacin raba mace da namiji a baki.

Ranar nan cikin kuka na kira shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kar ka yi kuka. Turo mini duka kafin ka goge, in ajiye maka. Bayan aure ka yi abinka, ba ruwan Baffa."

Wallahi a lokacin ji na yi ba wanda ya kai ni sa'ar miji. Na tura masa babi ashirin da ɗaya, har da bakwai da ba ku taɓa gani ba. Na ƙarshe ne kawai babu, don ban rubuta shi ba, yana cikin kaina. Sannan na goge, na miƙa wa Baffa wayar ya duba.

Wata huɗu ban rubuta ko layi ɗaya ba. In na tashi daga keke in dawo gida, in yi girki, in kwanta.

Ran Litinin ɗin makon jiya Shahida, ƙanwata, ta shigo shago da sobolo, wato zoɓo, a leda, ta zauna kan buhun ƙyallaye tana danna waya.

"Yaya, kin ga labarin da ake ta yayi a Facebook? Irin naki ne, amma mace ce mai shan jinin. Har a wani gidan rediyon Bawku ana karanta shi duk Juma'a."

Na ce ta karanta min, ina kafa hannun riga.

Ta fara. Wata Raihanatu, ta zo da ayarin shanu shekara ɗari biyu da suka wuce, wani abu ya cije ta a bakin rafi. Wurin mahauta take samun abin da ke riƙe ta. Sai ta haɗu da Razak, ɗalibi mai taurin kai.

Ƙafata ta tsaya a kan keken.

"Waye ya rubuta?"

Shahida ta gangara ƙasan shafin, ta juyo min da fuskar wayar. Hotonsa ne, cikin rigar batakarin da na ɗinka masa da hannuna na Sallah, ya dafa haɓa kamar mai zurfin tunani. A ƙasa an rubuta: Marubuci, Fatawu.

Na karɓi wayar na zauna a ƙasa, kan siminti. Ban ɗinka komai ba ranar. Babi goma sha tara ya saka, na karanta su duka. Ba kama ba ce, jama'a, labarina ne kalma da kalma. Inda na ce Ayyub ya sa Raihanatu, inda na ce Taslima ya sa Razak, Salaga ta koma Bawku, goro ya koma shanu. Duk "ta" ɗina ya mayar da ita "ya", yadda bakinsa ya saba. Har wani kuskuren da na yi a babi na uku, inda na rubuta Laraba sau biyu a mako ɗaya, yana nan.

Amma abin da ya fi ƙona min rai yana can ƙasa, cikin sharhin masu karatu. Razak ya bi mace bayan ya san abin da take sha, sai ga mutane suna cewa bawan Allah, wannan ita ce soyayyar gaskiya, irin wannan namiji ya yi ƙaranci. Taslima ta yi daidai abin da ya yi, da kalmomi iri ɗaya, aka ce sakarya. Ayyub ya daure wa ƙishinsa, kuka ce namijin duniya. Raihanatu ta daure wa nata, aka ce a dai yi hattara, mace ba ta da tabbas. Wata kuma ta rubuta, "Malam Fatawu, yaya aka yi namiji ya san zuciyar mace haka?" Ya amsa mata da hoton fure.

Na fita bayan shago na kira shi.

"Amaryata," ya ce.

"Wace ce Raihanatu?"

Ya yi dariya. Dariya fa. "Ah, ka gani? Da so na yi in ba ka mamaki."

"Ka ba ni. Ina sunana?"

"Mudassira, ka yi tunani. In na sa sunanka, Baffa zai gani. Ni ceton labarin na yi. Kuma ai na juya shi, ya zama sabon abu. Turawa ma suna yi, a ɗauki labari a mayar da namijin mace, mutane suna so sosai."

"In mai labarin ta juya abinta da hannunta, wannan daban. Kai ajiya na ba ka."

"Ni da kai akwai bambanci ne? Wata biyu ya rage a ɗaura aure."

Na kashe wayar. Ba a yi minti biyar ba saƙonsa ya shigo. Na ɗauka haƙuri zai ba ni. Ga abin da ya rubuto, ban canza komai ba: "Ka huce. Babi biyu ya rage a hannuna, mutanen rediyo suna tambaya ƙarshe. Ka rubuta mini kafin Juma'a ta sama. Ina zuwa Asabar."

Asabar ɗin ya zo, wai ya kawo wa Mma albasa da zabi. Tun safe Mma ta sa na share falo sau biyu, aka canza labule, aka fito da kwanukan da ba a taɓawa sai da baƙi. Na saka atamfata mai ruwan ganye da mayafi fari, ban yi kwalliya ba, ko tozali. Mma ta lura. A kicin, tana tuƙa tuwo ina kaɗa miyar ayoyo, na gaya mata komai.

Ta daɗe tana tuƙi kafin ta ce, "To me ya ɗauka? Ba zinari ba ne."

"Mma, wata shida na yi ina rubuta shi."

"Abin da Baffanki ya hana. Ki rufa min asiri, Mudassira. An kai goro, an gaya wa mutanen Salaga, an gaya wa na Gushegu. Ki fita ki gaishe shi da fuska a sake."

Na ɗauki tire na fita. Baffa Zuberu ya riga ya iso, yana kan doguwar kujera, Fatawu a ƙasa kan kafet ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗalibi. Na durƙusa na gaishe su, na fara zuba abinci. Abin da kunnena ya ji ke nan daga bakin Baffa:

"Wani abokina da ke Zebilla ya turo min karatun da ka yi a rediyo. Na saurara har sau biyu. Wannan wa'azi ne. Samarin yanzu su ji yadda mace ke jan mutum har ta raba shi da hankalinsa. Allah ya ƙara basira."

"Amin, Baffa," in ji Fatawu, kansa a ƙasa.

Ludayin yana hannuna. Na ji muryar Mma a raina, na ji ta sarai. Na ajiye ludayin a hankali.

"Baffa, in yi wa marubuci tambaya ɗaya?"

Baffa ya yi murmushi, ya ce in yi. Fatawu ya ɗago ya dube ni, ya ɗan girgiza kai.

Na ciro wayata daga cikin mayafi, na buɗe shafinsa, babi na goma sha biyu. A nawa labarin, nan ne Taslima ta gane azurfa tana ƙona fatar Ayyub. Na karanta nasa da ƙarfi, ban yi sauri ba:

"Razak ya cire 'yan kunnen azurfan da mamansa ya ba shi, ya ƙulle su a bakin mayafinsa, sannan ya matso."

Na ɗago. "Samarin Bawku 'yan kunne suke sawa yanzu? Da mayafi?"

Shahida, da ke laɓe bayan labule, ta saki wata dariya ta toshe baki.

"Kuskuren waya ne," in ji Fatawu.

"Babi na sha shida ma waya ce ta sa wa Razak lalle a ƙafa?"

Baffa ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ya dube ni, ya dube shi. "Me ake ciki?"

"Labarin da ka sa na goge ne, Baffa. Shi ne wannan. Sunaye kawai ya canza."

Na ga jijiyar goshin Baffa ta tashi, irin yadda ta tashi ranar Talatar nan. Zuciyata ta ce, yau dai za a yi adalci. Ko dai labarin banza ne, a tsawata masa yadda aka tsawata min, ko kuwa wa'azi ne, a ce min sannu. Ɗaya daga ciki kawai nake jira.

"Gaskiya ne?" Baffa ya tambaye shi.

Fatawu ya murza hularsa. "Shi ya fara, Baffa. Ni na gyara. Na ga bai dace sunan mace ya fita a irin wannan ba, shi ya sa na rufa masa asiri."

Baffa ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To, ka yi tunani."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ke kuma," ya juyo gare ni, "abin da ya kamata ki yi godiya a kai shi ne kika tsaya kina tona mijinki gaban mutane? Mace ta rubuta namiji yana bin ta, wannan rashin kunya ne. Namiji ya rubuta yana gargaɗin 'yan uwansa, wannan daban."

"Baffa, kalmomin ɗaya ne. Ko waƙafi bai canza ba."

"Bakin da ya faɗa ba ɗaya ba ne."

Fatawu ya samu ƙofa, sai ya shiga. Ya ce wa Baffa akwai 'yar matsala, ƙarshen labarin bai kammala ba, mutanen rediyo suna jira, kuma ya riga ya yi musu alkawari. In bai kai ba, sunansa zai ɓaci a gari, har na mahaifinsa.

"Ki rubuta masa," in ji Baffa, yana mayar da hannu cikin kwano. "Tunda da sunansa zai fita, na yarda. Amma a ƙarshe yaron ya gane kurensa ya rabu da mayyar. Haka ya kamata ya ƙare."

Mutumin da ya tsaya a kaina har na goge aikin wata shida, yau shi ke ba ni izinin rubutu, har da faɗa min yadda zan ƙare. Na tashi na fita, don in na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba na gaban manya ba ne.

Fatawu ya biyo ni har bakin randa, ya rage murya.

"Ka ba ni kunya yau, amma na yafe. Ka rubuta kawai. Bayan aure kai ka riƙa rubutawa a ɗaki, ni ina fitarwa. Wa ya rasa?"

"Ka san yadda labarin zai ƙare?"

"Ina zan sani?"

"Ka karanta shi ma kuwa?"

Ya duba agogonsa ya ce motar Bawku ba ta jira.

Tun ranar gidanmu ba daɗi. Mma ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Sai dai ta wuce ta ƙofar ɗakina ta ce, "An fara?" Ran Talata gwaggon Fatawu ta kira ta, sun daɗe. Da ta ajiye wayar idonta ya yi ja. Wai sun ji yarinyar tana da baki, wai in tun yanzu ba ta iya rufa wa ɗansu asiri, za su zauna su sake shawara. Mma ta zauna a bakin katifata ta riƙe ƙafata. Uwata, ta riƙe ƙafata.

"Shafi nawa ne? Ki rubuta ki huta. Ni ban iya karatu ba, ban san daɗin da kike ji a ciki ba. Amma na san yadda ake kallon uwar da aka zo aka karɓe goron 'yarta."

Nan ne na yi kuka. Ba don Fatawu ba, shi tun ran Asabar wani abu ya mutu tsakanina da shi, ban san ko zai tashi ba. Don Mma na yi, da yadda aka ɗora mata nauyin abin da ba ita ta yi ba, ita kuma ta rasa inda za ta sauke sai kaina.

Na gwada, wallahi na gwada. Jiya Laraba na zauna a shago da biro da takarda. Na rubuta "Razak" a sama. Hannuna ya ƙi. Ban san wani Razak ba. Taslima na sani, na san yadda take cije leɓe in za ta yi ƙarya, na san abin da za ta ce wa Ayyub a bakin rijiyar nan, tun kafin in rubuta babi na ɗaya na sani. Ba ta rabu da shi don wani ya ce ta rabu ba, kuma ba sakarya ba ce. In na ba su ƙarshen da suke so, na yarda ke nan da duk sunan da aka kira ta.

Saƙonnin Fatawu na yau da safe guda shida ne. Na farko fure. Na biyu, "Gobe ne fa." Na shida, "Kar ka sa in yi abin da ba na so."

Don haka yau Alhamis, da na idar da azahar, na zauna na yi rubutu kamar yadda aka umarce ni. Wannan da kuke karantawa shi ne abin da na rubuta. A ƙasa za ku ga hotuna biyu. Na farko babi na goma sha biyu ne nawa, wanda Shahida ta taɓa ɗauka a wayarta tun bara, da kwanan wata a jikinsa. Na biyu nasa ne. Ku jera su ku karanta da idonku. Sannan waɗanda suka zagi Taslima suka yabi Razak, ku gaya min me ya canza.

Babin ƙarshe yana nan cikin kaina. Ranar da zai fita, Ayyub da Taslima ne a ciki, kuma sunana ne a sama, da na mahaifina.

Na san wadda ta kai ni wurin Baffa tana cikin guruf ɗin nan har yanzu. Ba sai kin wahala ba, 'yar uwa, ni da kaina na tura masa wannan. Fatawu ma yana ciki, ni na saka shi tun muna shiri. Na turo rabin farko tun ɗazu ina ƙarasa wannan, kuma ina ganin sunansa a sama, ya fara rubutu ya goge, ya sake farawa.

Ga ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Mma tana kirana daga tsakar gida, ba Mudda ta ce ba yadda ta saba, cikakken sunana ta kira. Bari in sa mayafi.